Kafin Ka Murɗa Makulli

A garejin Kyari, bayan tashar Tanut,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina tsiro,
can na fara sanin inji numfashi yake yi.
Ya ɗora tafina bisa murfin wata tsohuwar Fijo,
ya ce: Mutari, rufe ido. Me ka ji?
Na ce: ƙara.
Ya ce: kunnenka bai nuna ba tukuna.

Abu huɗu ne, in ji shi, babu na biyar.
Ya shaƙi iska da isansi,
fistan ya taso ya matse su kamar mai dunƙula fura,
buji ya ƙyasta, wuta ta tashi a ɗaki rufe,
ta tunkuɗa fistan ƙasa, ko ya so ko ya ƙi,
hayaƙi ya fice ta baya ba sallama.
Shi ke nan. Sau ɗari kafin ka gama hamma.
Tafiyar Agadas kaf, wannan ake ta maimaitawa.

Mai kuwa zumunci ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe;
ranar da ya ƙare, maƙwabta ke cin juna.
Zaro sandar, goge, mayar, sake zarowa,
ta farko maƙaryaciya ce, ta biyu ke da gaskiya.
In ya koma kamar tawadar da ta kwana a kurtu,
yi bidanji, kada ka jira albashi.
Jaka goma yau ta fi sayar da akuyar gida gobe.

A garin da ake bin garuwa tun asuba,
ya ce in ba radiyata ruwa kafin in sha.
Amma in ta fusata, kada ka buɗe mata baki.
Ya naɗe hannun riga:
tabo fari fat, daga wuyan hannu har gwiwa.

Shekara tara. Yanzu ni ke jan motar likitar Mirriya.
Wani dare muka ɗauko Habsu, naƙuda ta gardama,
ungozoma na riƙe da ita a baya.
Muna hango fitilun Birni tsakanin duwatsu
sai allurar zafi ta hau ja.
Mijinta na dukan kujerata: taka, don Allah, taka!
Ƙafata ma haka take so.
Na kashe.

Tiyo ne ya tsage, yana feshi kamar bakin buta.
Na yanki tsohuwar robar taya, na naɗe, na ɗaure da waya,
sannan na tsaya jira.
Ban taɓa sanin ƙarfe na da nawar hucewa haka ba.
Tana nishi, ina taɓa murfi da bayan hannu,
tana nishi, ina sake taɓawa.
Da ya yarda, na juye ruwan jarkar ungozoma,
da na goran mijin, har ɗigon ƙarshe.
Na murɗa. Ya shaƙa, ya matsa, ya kama.

Mace aka samu. Kafin kiran assalatu ta yi kuka.

Da hantsi na tafi gareji da labarina, ina kumbura.
Idon Kyari ya yi yana yanzu, yana kan benci da carbi.
Ya saurara har na gama, bai ce madalla ba.
Ya ce: tada ta.
Ya karkata kai.
Buji na uku na tsallake, in ji shi.
Kuma tiyo ba ya tsagewa rana ɗaya, Mutari.
Yaushe rabonka da ka matsa shi da yatsa?

Ban amsa ba.
Tun ranar, kafin shayi, kafin gaisuwa,
murfi nake fara ɗagawa.